Sistocin Anglikan a cikin unguwa suke tsufa

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in amsa wa wani ɗan'uwa da ya rubuto kwanakin baya. Ya ce duk wanda ya keɓe kansa don ibada, ya bar aure, ya bar tara dukiya, to gudu ya yi daga wahalar duniya ya bar wa sauran jama'a kaya. Maganar ta tsaya mini a rai, domin akwai wasu mata da nake haɗuwa da su a bakin aikina, kuma abin da idona ya gani a wurinsu ya sha bamban da abin da ya faɗa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina bin tsofaffi da marasa lafiya gida-gida a wata unguwar talakawa a ɗaya daga cikin biranen Ingila. Kirista ce ni, 'yar ɗarikar Anglikan. A unguwar akwai gidan wasu mata masu zaman zuhudu, waɗanda kowa ke kira sistoci. Ba zan faɗi sunan gidan ba, don ban nemi izininsu ba, kuma mutane ne da ba sa son a riƙa yayata su. Ban kuma zo gardamar addini ba. Na san 'yan'uwana Musulmi ba su da wannan tsari, Kiristoci da yawa ma ba su yarda da shi ba. Magana ɗaya kawai nake so in gyara, wato cewa wai sun gudu.

Masu karatu da dama za su yi mamakin jin cewa Anglikan na da sistoci, don an fi sanin abin a wurin Katolika. Ko a cikin 'yan ɗarikarmu akwai wanda zai rantse babu. Dalilin kuwa tarihi ne. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen zuhudu na Ingila kakaf, fiye da 800, ya ƙwace filayensu da dukiyarsu. Aka yi shekara ɗari uku babu mai ɗaukar irin wannan wa'adi a cocin Ingila. Sai bayan 1833, da wasu malaman jami'ar Oxford irin su John Keble da Edward Pusey suka tashi da kiran a koma wa tsofaffin hanyoyin ibada, abin ya sake tsiro. A 1841 wata budurwa mai suna Marian Hughes ta ɗauki wa'adi a gaban Pusey, ita ce ta farko tun bayan rushewar, a 1845 kuma aka buɗe gidan farko a Landan.

To ina matan nan suka nufa? Ba daji suka shiga ba. Priscilla Lydia Sellon ta tara nata a 1848 a Devonport, garin ma'aikatan jiragen ruwa da matalauta. Shekara na zagayowa kwalara ta ɓarke a Plymouth da ke maƙwabtaka da Devonport, su ne suka tsaya a kan masu amai da gudawa lokacin da kowa ke ta kansa. Da Florence Nightingale za ta tafi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya a 1854, akwai sistocin Sellon a cikin matan da suka bi ta. John Mason Neale kuwa ya kafa ƙungiyar Saint Margaret a East Grinstead a 1855, da nufin a je a yi jinyar talaka a cikin ɗakinsa, a kwana a wurin, a wanke shi, a share, a hura wuta, a kula da yaransa har ya miƙe ko ya cika. Aikin da nake ci da shi yau ke nan, sai dai ni ana biyana, su kuwa ba a biya su ba, ba a ma gode musu ba. A 1857, wajen jana'izar ɗaya daga cikinsu a garin Lewes, taron mutane suka far wa Neale da sistocin da duka, ana zarginsu da shigo da Katolika a fakaice da raba 'ya'ya mata da iyayensu. 'Yan wannan ƙungiya ne suka sauka a Haggerston da ke gabashin Landan a 1866, shekarar da kwalara ta kashe dubban mutane a wannan ɓangare na birnin, kuma gidan da suka kafa a can, Saint Saviour's Priory, ya haura shekara 150 a unguwar.

Gidan da ni na sani ƙarami ne. Bene ne na jan bulo irin na sauran layin, in ba don ɗan gicciyen da ke jikin ƙofa ba za ka wuce ba ka lura ba. Matan da ke ciki ba su kai goma ba, kuma yawancinsu sun manyanta. Akwai mai dogara sanda, akwai tsohuwar malamar makaranta, akwai wadda ta yi aikin jinya irin nawa kafin ta shigo. Ɗakin da ya fi kowanne kyau sun bar shi ne don sujada, a ƙasa yake kusa da ƙofar shiga, ta yadda mai wucewa a titi kan jiyo muryarsu.

Kafin ƙarfe shida na safe sun tashi. Kowace takan zauna shiru ita da Ubangijinta na wani lokaci, sannan ƙararrawa ta tara su addu'ar safe, sai Jibin Ubangiji, sai karin kumallo wanda ake ci ba magana. Daga nan aiki ya kama. Rana na take tsaka ƙararrawa ta sake kira, a ajiye duk abin da ke hannu a koma ɗakin sujada na kamar minti goma sha biyar. Da yamma a yi addu'ar maraice, inda ake rera waƙar yabon da Maryamu ta yi. Wajen tara na dare a yi ta ƙarshe, wadda ake karanta Zabura ta 4 da ta 91 da ta 134 a cikinta, da addu'ar tsoho Saminu da ya roƙi Allah ya sallame shi lafiya. Ana gamawa sai shiru ya sauka a gidan, babu mai yin magana sai bayan karin kumallon gobe, in ba larura ba.

Tsarin ya girmi ɗarikar Anglikan nesa ba kusa ba. Mai Zabura ta 119 ya ce sau bakwai a rana yake yabon Allah, kuma a kan wannan ne Benedict, a Italiya cikin ƙarni na shida, ya shimfiɗa wa almajiransa lokutan addu'a, ya raba Zabura 150 yadda za a sauke ta kowane mako. Da Thomas Cranmer, Akbishop na Canterbury a lokacin, ya haɗa Littafin Addu'a na cocin Ingila a 1549, sai ya dunƙule lokutan suka zama biyu, safe da maraice, ya mai da saukar Zabura ta zama wata-wata, don manomi da maƙeri su iya bi. Sistocin ƙarni na sha tara suka dawo da na tsakanin. Yau gidaje da yawa huɗu ko biyar suke yi a rana.

Nakan shiga addu'ar rana idan aiki ya kai ni kusa. Sahu biyu suke zama suna fuskantar juna, wannan sahu ya karanta aya, wancan ya karanta ta gaba, kuma a tsakiyar kowace aya sukan ɗan dakata gwargwadon numfashi guda. Baƙo kan yi saurin ci gaba ya ji muryarsa ita kaɗai, har sai ya koyi jira. Ba kiɗa, ba ɗaga murya, ba wa'azi. Bayan Zabura sai ɗaya ta buɗe wani littafi ta fara karanto sunaye. Wanda za a yi wa tiyata gobe, wadda ɗanta ke kurkuku, wanda mai gida ya ba shi takardar tashi, yarinyar da ke jiran sakamakon jarrabawa, wanda aka kwana biyu ba a gani a bakin ƙofa ba. Sunayen farko kawai ake faɗa, ba a bayyana sirrin kowa. Da yawa daga cikin masu sunayen ni ma na san su, don ni nake ɗaure musu miki. Unguwar gaba ɗaya takan bi ta cikin ɗakin nan suna bayan suna, Kirista da Musulmi da wanda bai yarda da komai ba.

Tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa kuwa, ƙofa ce ke aiki. Da safe marasa matsuguni sukan zo a ba su shayi da burodi da safa busasshiya, wanda rigar sanyinsa ta mutu a duba masa wata a ɗakin kayan da mutane suka kawo. Tsohuwar malamar makarantar nan ta zama gwanar cike takardun neman tallafin gwamnati, waɗanda shafukansu ke da yawa har mai ilimi ma yakan ruɗe, kuma idan an ƙi mutum takan zauna da shi su rubuta ƙorafi. Wata takan raka mutane asibiti ko kotu, ba don tana da abin cewa a can ba, sai don kada mutum ya zauna a benci shi kaɗai yana jiran a kira sunansa. Ɗakin baƙinsu kuma mata baƙin haure ke taruwa a ciki suna koyon Turanci, 'yan Somaliya da 'yan Bangaladash da wasu daga gabashin Turai. Ban taɓa jin an ce wa wani sai ya shiga sujada kafin a ba shi abu ba. Da azumi sukan tuna wanda ba a miƙa wa shayi.

Wani abokin aikina, mutumin kirki ne kuma mai ƙwazo, ya taɓa ce mini da sistocin nan za su rage addu'a da sun ninka taimakon da suke yi. Ya ga ranar da ƙararrawa ta kaɗa ana tsakiyar cike wa wani takarda, sista ta ajiye biro ta ce masa ya jira ta ko ya biyo ta, yanzu za ta dawo. Lissafinsa daidai ne idan na yini guda ake yi. Ni lissafin shekaru nake yi. A aikinmu ina ganin yadda masu zuciyar tausayi ke shigowa da zafinsu, bayan 'yan shekaru su ƙone, ko su bar aikin ko zuciyar ta bushe su koma yin sa kamar inji. Ina ganin ƙungiyoyin agaji suna buɗe ofis a unguwar da kuɗin shekara biyu ko uku, kuɗin na ƙarewa su kulle, mutanen da suka saba da su su koma neman wata sabuwar fuska da za su sake ba labarinsu tun daga farko. A cikin sistocin nan akwai wadda ta riƙe jariri ranar baftismarsa, yau kuma jikansa take yi wa wasa. Ƙararrawar da abokina ke ganin tana katse aiki ita ce turken da ya riƙe su a wurin. Tana tilasta musu su sauke kayan mutane a gaban Allah sau huɗu ko biyar a rana, kada su kwana da shi a ka, kuma tana tuna musu cewa ba su ne masu ceton unguwar ba. Wadda ta san haka tana iya jure ganin mashayin da ta taimaka ya koma wa kwalba karo na goma, gobe kuma ta buɗe masa ƙofa ba tare da ta tsane shi ba.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ziyarata ga mara lafiya a ƙayyade take, sau da yawa rabin sa'a. Waya ce ke rubuta shigata da fitata. In auna jini, in ba da magani, in sauya bandeji, in rubuta rahoto, in kama hanyar gida na gaba. Sau nawa tsohuwa ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa tana neman wani zance don kawai kada in tafi! Kaɗaici a ƙasar nan ya kai ga a 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista musamman don lamarin. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ce ta yi ƙaranci. Sista ba ta da wayar da ke ƙirga mata minti. Takan zo ta zauna la'asar guda, ta saurari labarin da aka ba ta sau ashirin, ta kalli hotunan mijin da ya rasu, ta wanke kofuna, ta lura cewa firij babu komai a ciki, ta kira ni ta ce in duba ƙafar mutumin nan don ta ga ta kumbura. Abin da ta gani a zaune sau da yawa shi ne ya hana a kwashi mutum zuwa asibiti da tsakar dare.

Wani dattijo da na yi jinya, tsohon ma'aikacin masana'anta, bai da mata, bai da ɗa, 'yan'uwansa duk sun riga shi. Da ciwonsa ya yi nauyi ya ce shi a ɗakinsa yake so ya mutu. Mu ma'aikata muna zuwa muna tafiya, amma daren mai tsawo ne. Sistoci uku suka raba kwanakin a tsakaninsu, tsofaffi da su, suna zama a kujera kusa da gadonsa, suna jiƙa masa leɓe da ruwa. Ba mai zuwa coci ba ne, ya ma faɗa musu, suka ce ba komai. Da ya cika, ƙaramar hukuma ce ta yi masa jana'iza kamar yadda doka ta tanada ga wanda ba shi da kowa. Irin wannan jana'iza wani lokaci ma'aikatan ɗaukar gawa kaɗai ke halarta. Tasa ta samu sistoci biyu da ni. Sun rubuta sunansa a littafin matattunsu, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo sai an ambace shi a ɗakin sujada.

Wata baiwar Allah Musulma ma, da ajalinta ya matso 'ya'yanta suna wata ƙasa, sista ce ta buga waya masallacin unguwa aka turo liman da matan da za su zauna da ita, ita ce kuma ta taya ni juya gadon ya fuskanci alƙibla kafin su iso. Da suka zo ta koma kicin tana dafa musu ruwan zafi.

Ba da garaje ake shiga wannan rayuwa ba. Mai sha'awa takan fara zuwa baƙunta, sannan ta zauna wasu watanni a matsayin mai neman shiga, sannan kimanin shekara biyu tana koyo, sannan ta ɗauki wa'adin wucin gadi na wajen shekara uku, kafin a zo ga na har abada. A kowane mataki tana da damar tafiya, su ma suna da damar cewa ba ta dace ba. Wa'adin uku ne: talauci, zama ba aure, da biyayya. Talaucin ba yunwa ba ne, asusu ɗaya ne. Wadda ke da fansho can yake shiga, mai bukatar takalmi ko kuɗin bas daga can za ta nema. Shugabar gidan zaɓenta ake yi na wani wa'adi, manyan shawarwari a taron 'yan gida ake yanke su, kuma kowace ƙungiya tana da bishop mai zuwa duba lafiyar zamanta. Cocin Anglikan ba ta koyar da cewa wannan hanya ta fi aure daraja ba. Limamanmu suna aure, ni ma matar aure ce. Kira ne da wasu kaɗan ke ji. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini tashin asuba da rashin kuɗi ba su ne masu wuya ba, mai wuyar shi ne zama shekara talatin da matan da ba ke kika zaɓe su ba, ki kuma tsaya gefensu ki yi addu'a ranar da kuka saɓa.

Biyayyar ma tana da ciwo, kuma wani lokaci unguwa ce ke biyan kuɗinta. Trevor Huddleston ɗan ƙungiyar maza ce da Charles Gore ya kafa a 1892, wadda cibiyarta ke Mirfield a arewacin Ingila. An tura shi Sophiatown a birnin Johannesburg a 1943, ya zauna cikin baƙaƙen fata a zamanin wariyar launin fata. Desmond Tutu ya sha ba da labarin yadda yana yaro ya ga wannan farin limami ya cire hularsa don gaida mahaifiyarsa, wadda aikatau take yi, da yadda ya riƙa ziyartarsa lokacin da tarin fuka ya kwantar da shi fiye da shekara a asibiti. A 1955 gwamnati ta fara kwashe mutanen Sophiatown da ƙarfin tsiya, Huddleston na kan gaba wajen adawa, sai shugaban ƙungiyarsa ya kira shi gida. Ransa bai so ba, mutanensa ba su so ba, ya kuma tafi a 1956 saboda ya yi wa'adi. Har yau idan na tuna wannan kira nakan ji nauyi a zuciyata, ko da yake na san tsoron abin da gwamnati za ta yi masa yana cikin dalilan.

Kada a ce na ɓoye laifi. A ƙarni na sha tara wasu ƙungiyoyin sistoci sun riƙe gidajen gyaran hali na matan da al'umma ta yi wa tambarin lalacewa, inda ake sa su wanki mai nauyi a ƙarƙashin doka mai tsanani, alhali mazan da suka jefa su cikin halin suna yawonsu. Wasu gidajen kuma sun raba 'yan'uwa gida biyu, 'ya'yan masu hali suna jan addu'a da shugabanci, 'ya'yan talakawa suna girki da shara. Wannan zalunci ne, an kuma daina shi, sistocin yau ma da bakinsu suke faɗa.

Amma gudu? A 1878 zazzaɓin shawara ya auka wa birnin Memphis a Amurka, ya kashe fiye da mutum 5,000, duk mai hali ya tsere. Sistocin ƙungiyar Saint Mary suka tsaya suna jinya da kwasar marayu, huɗu daga cikinsu suka mutu, har da shugabarsu Constance, kuma cocin Anglikan ta Amurka na tunawa da su kowace 9 ga Satumba. A Tsibiran Solomon da ke yankin Melanesiya a tekun Pasifik akwai 'Yan'uwan Melanesiya, ƙungiyar da wani tsohon ɗan sanda ɗan ƙasar, Ini Kopuria, ya kafa a 1925. Su wa'adin 'yan shekaru suke ɗauka, mai so ya sabunta, mai so ya fita ya yi aure ba tare da an ga laifinsa ba, kuma bibbiyu suke tafiya ƙauye-ƙauye. Da rikicin ƙabilanci ya ɓarke a tsibirin Guadalcanal daga 1998, sun kafa zango a tsakanin masu faɗa, suna karɓo gawarwaki da waɗanda aka kama, daga baya suna tattara bindigogi. A 2003 ɗaya daga cikinsu, Nathaniel Sado, ya je wurin madugun 'yan bindiga Harold Keke bai dawo ba. Shida suka bi sawunsa, su ma aka kashe su. Samari ne waɗanda safe da yamma Zabura suke karantawa, irin wadda tsofaffin unguwarmu ke karantawa.

Abin da ke damuna yanzu shi ne ƙarewa. A Ingila masu shiga sun ragu ƙwarai tun daga shekarun 1960. Manyan gidajen da aka gina wa ɗaruruwa an sayar da su, sistocin Clewer da ke kusa da Windsor ma, waɗanda suka fara a 1852, sun bar katafaren gidansu sun koma ƙarami. Inda abin ke da rai sosai yau shi ne Melanesiya da wasu sassan Afirka, kamar Tanzaniya, inda ƙungiyar Chama cha Mariamu Mtakatifu ta 'yan ƙasa ke aiki. A gidan da na sani, mafi ƙuruciya ta haura hamsin, kuma wani ɓangare na aikin yini yanzu shi ne su yi jinyar junansu.

A 2015 Justin Welby, Akbishop na Canterbury a lokacin, ya buɗe ƙungiyar Saint Anselm a fadarsa ta Lambeth da ke Landan, inda matasa 'yan shekara 20 zuwa 35 daga ƙasashe da ɗariku daban-daban ke zuwa su yi kusan shekara guda suna addu'a tare da yi wa mabukata hidima. Abu ne mai kyau, na kuma yi murna da shi, don matashin da ya ɗanɗani irin wannan zama ba zai koma yadda yake ba. Sai dai shekara guda ba ta isa mashayin bakin ƙofa ya yarda da kai ba, balle tsohuwar da sai ta shekara tana kallonka ta taga kafin ta buɗe. Abin da unguwa ke samu daga sistoci daɗewa ce, ita kuwa ba a gajarta ta.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko ga shugabannin coci da masu riƙon amanar waɗannan gidaje: idan sista ta ƙarshe ta bar gida a unguwar talakawa, kada a yi saurin miƙa shi ga dillalan gidaje don farashi ya hau. A fara nemo mutanen da za su yarda su zauna a ciki tare, ko da masu aure ne, su riƙe lokutan addu'a, su riƙe ƙofa, su yi alkawarin shekaru masu yawa. Na biyu ga masu karatu 'yan ɗarikarmu da ke zaune a Ingila. Kusan kowace ƙungiya tana karɓar abokan tarayya, wato mutanen da ke zaune a gidajensu da aikinsu da iyalinsu amma suka ɗauki ƙaramar ƙa'ida ta addu'ar safe da maraice da wata hidima da suka zaɓa. Gidan unguwarmu yana bukatar mai tsaron ƙofa da rana sau ɗaya a mako, da mai mota da zai kai sista ziyarar asibiti, da mai ƙarfin da zai ɗaga kwalayen tufafi daga ƙasa zuwa bene, don matan da ke yin wannan aiki yanzu sun haura saba'in. Mai niyya ya tambayi limamin cocinsa wane gida ne ya fi kusa da shi, ya rubuta musu tukuna kafin ya je, kuma kada ya buga waya bayan tara na dare.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku mai karatu,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Ingila